Ba Hannunka Ne Zai Wanke Baba Sale Ba

Baba Sale ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a tashar tiram, jirgin cikin gari, a Salford da ke gefen Manchester zan tafi aiki. 'Yarsa Safiya ce ta kira daga Birmingham. Ta ce "Yaya Nura, Baba," sai kuka ya ci ƙarfinta. Na yi salati na zauna a kan benci, tiram biyu suka zo suka wuce ina kallonsu.

Zuciyarsa ce ta tsaya bayan sallar asuba. Ko shayin da aka haɗa masa bai kai bakinsa ba.

Da ta ɗan samu kanta ta sake kira, ta ce jana'iza sai gobe bayan azahar. Ta ce har wani bawan Allah ya bugo ya yi mata ta'aziyya mai sanyaya rai, ya ce marigayi uba ne a wurinsa, kuma shi zai zo ya yi masa wanka gobe da safe. Yarinyar nan har godiya ta yi masa. Na tambayi sunansa, ta faɗa mini.

Kai da ka yi wannan kira, na san kana karanta ni. Ba hannunka ne zai wanke Baba Sale ba.

Masu wankan gawa a cikin mutanenmu na Birmingham suna da yawa, don haka kada kowa ya fara ƙirga su da yatsa. Shi ya san kansa. Sauran ku bari in gaya muku dalili.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Sale ɗan gidan maharba ne daga wajen Ningi. Ya yi shekaru yana tuƙa bas a Birmingham, gidansa a Handsworth. Da ya yi ritaya sai jinin gado ya motsa. Ya bi duk ƙa'ida ya samu lasisin bindiga, manoman Shropshire suka riƙa kiransa yana rage musu zomaye da barewa masu cinye musu shuka.

A wani suna a unguwar Balsall Heath ta Birmingham na fara ganinsa. Lokacin na gama jami'a ke nan, ban san kowa ba, ina rakuɓe a lungu da faranti. Na ci wani dambun nama da ban taɓa jin irinsa ba, na ce wannan wace irin saniya ce. Wani dattijo a gefena ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce wannan saniyar tsallake shinge take yi.

Daga ranar, duk wanda zai zo Manchester sai ya ba shi ƙullin dambu ya kawo mini.

Da matata ta haihu, da kansa ya tuƙo mota har Salford da cinyar barewa a cikin kula, wai mai jego ba ta warkewa da kazar kanti. Ya ƙi ko zama, ya ce ya ajiye mota inda za a manna masa tikiti.

Shekara biyu ina bin sa daji bai bar ni na taɓa kunamar bindiga ba. Sanda nake riƙewa da jaka. Sai da ya gamsu da ni sannan ya sa hannu a takardata. A ƙasar nan ba a ba ka lasisi sai mutanen da suka san ka sun tsaya maka cewa kana da hankali da natsuwa.

Da lasisina ya fito na zo sayen madubin bindiga, wanda muke ce wa sikof, shi ne ake ɗorawa a kanta ana leƙawa kafin a harba. Ni da rawar kaina na zaɓo wani ƙato a intanet mai kusanto da abu sau ashirin da huɗu, ga wuta a ciki, ga maɓallai ko'ina. Na tura masa hoton ina jiran yabo.

Ya kira ni ya ce, "Nura, tauraro za ka harba ko barewa?"

Ya ce ga farautar yau da kullum, mai kusantowa sau uku zuwa tara ya ishi kowane mai hankali. Ya ce in ka kusanto da dabba fiye da kima, gashinta kawai za ka gani, ba za ka ga mutumin da ke tafe da karensa a bayanta ba. Ya ce in duba wanda ke ba ido tazara, don in bindiga ta hankaɗo baya kada ta fasa mini gira, ya nuna mini tabon tasa girar daga baya don in yarda. Ya ce in nemi wanda ruwan ƙasar nan ba ya shiga ya yi masa gumi a ciki, kuma mara nauyi, don ni zan ɗauke shi wuni guda, ba mai kantin ba.

Babbar dokarsa kuma ita ce ba a zaɓar madubi a cikin kanti. A ƙarƙashin wutar lantarki kowane gilashi kyakkyawa ne. Da almuru ake gwadawa, lokacin da barewa ke fitowa, a ga wanda zai ci gaba da nuna maka abu bayan haske ya fara guduwa.

Wani mai kantin kayan farauta ya san shi, sai ya ba shi aron guda biyu. Na sauko Handsworth ran wata Asabar. Gab da magariba muka hau ɗakin sama, ya buɗe tagar baya, ya nuna mini wani bututun hayaƙi can nesa a kan rufi, ya ce in ƙirga bulo nawa nake gani a kowanne. Babu bindiga a ɗakin. Bindigoginsa suna ƙasa a kulle cikin kabad ɗin ƙarfe. Madubi ne kawai a hannunsa, kamar mai riƙe da rake.

A nan na tafka kuskuren da zan mutu da shi.

Na ga ya yi kyau, dattijo da jallabiya da hula yana leƙen taga, sai na ɗauke shi hoto. Na saka a group ɗinmu na Hausawan Birmingham da Manchester, na rubuta cewa Baba yana duban watan Sallah. Kowa ya yi ta dariya.

Kai ba dariya ka yi ba. Ajiye hoton ka yi.

Kafin wannan, kai ma ka so shiga farauta. Baba Sale ya ɗauke ka sau ɗaya, ina wurin. Ka ga motsi a bakin shinge, ka suri bindigarsa ba izini ka ɗora ido kana bin motsin, ashe matar mai gonar ce ta sunkuya tana gyaran waya. Baba Sale ya danne bakin bindigar ƙasa, ya zare ta daga hannunka, bai ɗaga murya ba. Da ka kawo masa takarda daga baya ya sa maka hannu, ya ce ba zai iya ba. A ɗakinsa ya gaya maka, ku biyu, ya rufa maka asiri. Ni ma sai can baya na ji.

Abin da ya yi maka ke nan. Duka laifinsa ke nan.

Sai ka ɗauko hoton nan da na saka, ka yanke shi daga ƙasa yadda ba za a gane babu bindiga a hannunsa ba. Ka tura wa 'yan sanda ba suna, ka ce tsoho ya samu taɓin hankali, yana auna yaran maƙwabta ta taga.

Suka zo da safe, mota-mota, ɗauke da makamai. Layin gaba ɗaya ya fito kallo. Hajiya Talatu, matarsa, tana tsaye a ƙofa ba ko takalmi. Aka fito da bindigoginsa ɗaya bayan ɗaya, aka karɓe lasisin. Ni ban ga laifin 'yan sanda ba, rahoto aka kai musu kuma aikinsu suka yi. Sun bincika ba su same shi da komai ba. Amma kafin takardu su gama zagayensu manoman sun samu wani, hawan jini ya kama shi, likita ya hana shi ko dogon tuƙi.

Mu kuma, mutanensa, me muka yi?

Kada mu yi wa juna ƙarya yau. Wasunku da ke rubuta Allah ya jiƙansa a group yanzu, ku ne kuka riƙa matsawa a sahu in ya tsaya kusa da ku. Ku ne kuka ce ai ba a zuwa gidan mutum da bindigogi haka kawai. Gidajen da suka shekara suna cin namansa suka daina ɗaga wayarsa. Mutumin da ba ya rasa jam'i ya koma yin salla a falo shi kaɗai, don kunya.

Ban ce kai ka kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma kai ka sa ya ƙare kwanakinsa a kan kujera yana kallon bango, wannan kam ba ka da inda za ka kai shi.

Ka ɗauka ba wanda ya sani. Matarka ce ta je wurin Hajiya Talatu bara, ta durƙusa tana kuka, ta ce a wayarka ta ga hoton da ka yanke, kuma abin ya hana ta sukuni. Matar kirki ce. Ban san yadda aka yi ta ƙare a gidanka ba.

Ganina na ƙarshe da shi, mako uku ke nan. Na same shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na sake ba shi haƙuri a kan hoton nan kamar yadda nake yi duk zuwa, ya ce in na ƙara faɗa zai kore ni. Ya tambaye ni wane madubi na ƙare da shi. Na ce wanda ya zaɓa mini, ƙaramin. Ya ce to ya yake da almuru, na ce tangaran. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa Hajiya ta ƙaro mini shayi.

Sai na ce masa ni fa na gaji, ranar Juma'a zan tashi a masallaci in kira sunanka kowa ya ji.

Ya ce, "Ka duba bayansa tukuna. Akwai matarsa, akwai yara uku. In ka harba, su za ka samu."

Na ce Baba, to kai fa?

Ya ce, "Ni na riga na faɗi. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Wallahi ban so ba, har yanzu ma ban so ba, amma na yi. Shi ya sa kake karanta wannan babu sunanka a ciki. Mutumin da ka wulaƙanta shi ne ya ɗaure mini baki, ka zauna da wannan.

Amma alkawarin suna na yi. Ban yi alkawarin zan tsaya ina kallo ka naɗe hannun riga, ka zuba masa ruwa, ka juya shi dama da hagu, ka ga abin da ko 'ya'yansa ba su gani ba, sannan ka fito kana share ido mutane suna ce maka sannu da ƙoƙari ba. Wanka amana ce. Ana ba da ita ga wanda zai rufa wa mamaci asiri, kai kuwa mun ga yadda kake yi da asirin mai rai.

Ban yafe maka ba. Ina faɗa a fili don kada wani ya zo mini da wa'azi a ƙarƙashin rubutun nan. Ko Baba ya yafe nasa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Nawa yana nan. Da hannuna na ɗauki hoton nan don ina ƙaunarsa, ka mayar da shi abin da ka soke shi da shi. Allah ya isa tsakanina da kai. Ina roƙon Allah ya hana ka natsuwa har sai ka taka da ƙafarka ka je gaban Hajiya Talatu ka faɗi abin da ka yi da bakinka.

Ɗazu na kira ta. Muryarta ta dushe. Na fara kame-kame ina neman yadda zan kawo maganar, ta katse ni, ta ce ta riga ta ji wanda ya kira Safiya. Na ce Hajiya me kike so a yi.

Ta ce, "Kai za ka wanke shi, Nura."

Na ce ban taɓa yi ba, ban ma taɓa shiga ɗakin ba. Ta ce harbi ma ai ba ka iya ba ya koya maka, liman zai tsaya a kanka.

Ina rubuta wannan ne a cikin jirgin ƙasa, mun bar Manchester. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma gobe ni zan shiga ɗakin nan tare da liman da ƙanin Hajiya, kuma ni zan rufe ƙofar.

Kai kuma ka kira Safiya yau ka ce uzuri ya taso maka. Ƙirƙiro ko mene ne, ai ka iya. In ka ga dama ka zo salla ka tsaya a sahun baya, ba ni da ikon hana ka. Amma in na ga ƙafarka a bakin ɗakin wankan nan, ba zan ce uffan ba, alkawari na nan. Tsayawa kawai zan yi a ƙofar in ƙi matsawa, kowa yana kallo, har sai wani ya tambaye ka dalili.

Ya Allah, ga bawanka Sale nan ya zo. Ka san an zalunce shi ya yi shiru. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da mutuncin da aka tauye masa a nan ninki ba adadi. Ka ba Hajiya Talatu da Safiya da ƙannenta haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, musamman ku da kuka taɓa cin naman hannunsa. Ku haɗa da ni a ciki, Allah ya tsayar mini da hannu gobe in wanke shi yadda ya dace.