Odessa, Mai Kai Labarin Korar Ƙara

Ƙarfe bakwai na safe Madam Odessa Pettiford take buɗe ofishin lauyoyin da ke saman shagon wanki a birnin Baltimore na Amurka. Ta ɗora kofi, ta sauya takalmi da silifas, ta hau buga takardu. Shekararta talatin da ɗaya tana sakatariya, Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Ofishi ne na masu ƙarar hukumomin leƙen asiri, wato gidan shan kaye. Da zarar gwamnati ta ce shari'a za ta tona sirrin ƙasa, sai alƙali ya karanta takardarta shi kaɗai, ya kori ƙarar ba a saurari kowa ba. A wasu ofisoshin lauyoyin, wasiƙa ake aika wa mai ƙara, a huta. Odessa da ƙafarta take zuwa.

Haka ta je wa Nabil Karoui, makanikin da aka ɗauke a filin jirgi, aka tsare wata goma sha ɗaya, aka sako shi babu haƙora huɗu. 'Yarsa Salma ta girma da zargin guduwa ya yi ya bar su. Burinsa kawai kotu ta ce mata ba haka ba ne. Lauyan da ya raka Odessa garejin ne ya ba ni labari.

Nabil ya ce, "Mama, alƙalin ya ce ƙarya nake?"

"Bai ce ba, ɗana."

"To ya ce gaskiya ne?"

"Cewa ya yi ba a magana."

"Haƙoran nawa ma sirrin ƙasa ne?"

"Ajiye sifanar nan, ka kira min Salma."

Ta zaunar da ita, ta karanta mata bayanin da uban ya gabatar wa kotu, shafi arba'in, ba ta tsallake layi ba. Salma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ai wannan shi ya faɗa, ba kotu ba." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Odessa, ke ce mai tsayawa inda kowa ya zame. Ko sau ɗaya ba ki kai labari mai daɗi ba, abin yana ci mana rai. Mun gode. Masu tasowa, ku yi koyi da ita: in kotu ta toshe kunne, kada ku bar mutum shi kaɗai. Da Nabil ya rasu bara, an ajiye wa Salma kujera a wurin makoki. Har aka yi addu'a ba ta zo ba, ke kika matsa kika zauna a kujerar.