Iri Na Ce, Ba Ƙwallo Ba

Laraba: Funtuwa zuwa Malumfashi

Da aka sallame sallar asuba ban ko koma ciki ba. Kekena na jingine a zaure, na riga na ɗaure masa gorar ruwa da famfo da 'yar jaka. Sai ga abokin tafiyata, Sabi'u tela, yana ta buga ƙararrawa tun daga bakin layi. Mun daɗe muna fita yawon keke ni da shi duk ƙarshen mako tun da na ajiye aikin koyarwa, amma wannan fitar ba ta yawo ba ce.

A ƙauyenmu, can gefen Gozaki, akwai bishiyar mangwaro da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dasa a bakin gonarsa. Daga Zariya ya goyo dashen a bayan keke lokacin yana aikin awon auduga, shi ya sa duk ƙauyen Ɗan-keke ake kiran mangwaron. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri ne, in an yanka ɗaya a tsakar gida sai an ji ƙamshinsa a zaure. Da aka raba gado gonar ta faɗa wa ƙanena Isiyaku, bana ya sayar wa wani Alhaji, Alhajin kuwa ya ce inuwar na cinye masa masara, sai an sare. Na kira Isiyaku a waya na ce, "Ka roƙar min shi ya dakata zuwa Juma'a, ina nan tafe in ɗebi iri." Ya ce, "To Yaya, an gama."

Ga wanda bai san lambu ba, irin wannan mangwaron ba a samunsa daga ƙwallo. In ka shuka ƙwallon, abin da zai fito daban, galibi mai zaren nan ne da ke cika baki. Sai an yanko kan reshe ɗanye, an tsaga ƙaramin tsiro an haɗa su an ɗaure. Shi ake kira aure. Ina da tsirai a leda cikin lambuna na bayan gida, tun bara nake renonsu.

Hajiya Rabi, maiɗakina, ta biyo ni zaure. "Malam, ga mota a tasha, kafin hantsi kana Gozaki."

Na ce, "A keke ya zo, a keke zai tafi."

"Allah ya kiyaye hanya. A dai tuna gwiwar nan ba ta yaro ba ce."

Har Bakori tafiya ta yi daɗi, an yi ruwa kwana biyu baya, ƙasa na ƙamshi, manoma sun fito shuka. Direbobin manyan motoci ne kawai suka ɓata mana. Su a wurinsu mai keke ba mutum ba ne, sai dai su danna oda ka faɗa gefen kwalta ko su bi ta kanka. Sau biyu ina sauka cikin taɓo. A Bakori muka sha koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai ka duba da kyau kafin ka gan shi a takarda.

Muna nan zaune wata mota ta tsaya, wani tsohon ɗalibina ya fito ya durƙusa ya gaishe ni. Ya dubi farin gemuna, ya dubi keke, ya sassauta murya. "Malam, in wani abu ne ya faru ai sai a faɗa mana." Na ce masa lafiya lau nake, motsa jiki nake yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya rufa maka asiri. Wannan abu ya ƙona min rai. A ƙasar nan in mai furfura ya hau keke, ko dai arziki ya karye ko kai ya taɓu, ba na uku. Sabi'u ya yi ta dariya har ya ƙware da koko.

Mun shiga Malumfashi bayan la'asar, don mun yi ta tsayawa a inuwa ana lallashin gwiwa. Gidan Malam Haruna mai sayar da dashe muka sauka, tsohon abokina, wanda na biyo in ari wuƙar aurensa da ledar ɗauri. Aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, muka ci har muka yi shiru. Da can in mun fito irin wannan tafiya tanti muke kafawa a bayan gari, mu dafa shayi, mu kwana muna jin kukan kwaɗi. Yanzu wa zai yarda ya kwana a fili? An raba mu da dajinmu muna ji muna gani. A zauren Haruna muka shimfiɗa tabarma.

Alhamis da safe: Kafur zuwa Gozaki

Da sassafe muka kama hanyar Kafur. Abin da na yi ta gani a gefen hanya bai yi min daɗi ba: kututture nan, kututture can, da buhunan gawayi jere ana jiran mota. Ɗorawa da kaɗanya da muka taso muka tarar, duk an bi su da inji. Na yi ta mita, Sabi'u na cewa in adana numfashina saboda hawa.

Bayan Gozaki muka saki kwalta muka bi burji. Akwai wata kwana da in ka karya ta, abin da za ka fara hangowa kan Ɗan-keke ne, tun kafin rufin gidaje. Tun ina yaro haka nake gane na iso gida. Muka karya kwanar, na ɗaga kai, ba komai sai sararin sama.

Ban san lokacin da na yar da keken ba. Kututturen na nan fari fat, danƙo na tsatsa a jikinsa. An yanyanka gangar jikin an jere, rassan kuwa na zube a rana tun jiya, ganyen duk ya naɗe. Na taɓa kan wani reshe, ya yi yaushi kamar tsohuwar igiya. Na zauna a kan kututturen, idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba.

Ina zaune sai ga Isiyaku yana tafe da buhu a kafaɗa, bakinsa har kunne.

"Yaya, sannu da hanya. Halan da keke kuka taho? Ai da ka sani ba ka sha wahala ba, na so in aiko maka da shi a mota." Ya dire buhun a gabana ya kwance baki. Ƙwallayen mangwaro ne fal, an wanke an shanya.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Irin da ka ce. Duk wanda ya sha na ƙarshen nan sai da na bi shi na amshi ƙwallon. Jiya mai inji ya shigo yi ma wani aiki, Alhaji ya tambaye ni, na ce mashi ai iri ya kammala, a sare."

"Isiyaku, ba ce maka na yi a dakata zuwa Juma'a ba?"

"Ka ce don ka ɗebi iri. Ga iri."

"Reshe nake so! Reshe ɗanye, in yi aure!"

Ya dube ni da gaske, ba alamar wasa. "To ai ba reshe ka ce ba, Yaya."

Mutumin nan a gindin bishiyar nan aka yaye shi. Da idonsa ya ga kumburin da ke gindinta, inda aka haɗa ta tun tana ƙarama. Ya sha 'ya'yanta har haƙoransa suka fara zubewa, amma bai taɓa tambayar kansa me ya sa duk ƙwallon da yara ke yarwa a bayan gida ba ya fito da irinta ba. Ya sayar da gona, ban ce komai ba, tasa ce. Kwana biyu kacal na roƙa. Sabi'u ya matso ya ce a hankali, "Malam, iri ka ce, iri aka ba ka." Na ce masa in ya ƙara magana zai koma Funtuwa shi kaɗai.

Na shiga gida in gaida Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifinmu, don ba a zuwa ƙauye a fita ba a gan ta ba ko da rai a ɓace. Tana zaune tana tsince wake.

"Kai ne yau a gari? Ka ga abin da sunka yi ma iccen babanku?"

Sai idona ya kai kan rumfar awakinta. Damin rassan mangwaro ne rataye da igiya a cikin inuwa, ganyensa kore shar, wata jar akuya ta miƙe da ƙafa biyu tana ta figa.

"Goggo, wannan na ina ne?"

"Na Ɗan-keke mana. Ana kada shi na sa aka jawo min, ka san ciyawa ba ta kama ba tukuna. Na yayyafa mashi ruwa don kada ya bushe ma bisashe."

Na yi tsalle irin wanda gwiwata ta manta da shi. Na kama damin ta sama, akuya ta kama ta ƙasa, ina ja tana ja, Goggo na salati tana cewa in bar mata dabba ta ci abincinta. Gadon ubana ya koma sai na yi kokawa da akuya a kansa. Ta riga ta cinye kawunan waje, amma a tsakiyar damin na samu waɗanda bakinta bai kai ba, da idon tohonsu lafiya lau. Na yanke su da wuƙar Haruna, na tsige ganyen, Goggo ta ba ni tsohon zane na jiƙa na naɗe su.

Alhamis da rana: Danja, Bakori, gida

Ba mu tsaya cin abinci ba, fura kawai muka sha a tsaye. Muka yanke ta Danja don ta fi kusa. Isiyaku ya ɗaure wa Sabi'u buhun ƙwallayen a bayan keke, shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Rana ta buɗe sosai, ni kuwa ruwan gorata ban sha ba, zanen nake ta jiƙawa.

Kafin Danja muka tarar da shingen 'yan sintiri. Ban ga laifinsu ba, zamani ne ya kawo. Amma wani daga cikinsu ya nuna ƙunshin da sanda ya ce, "Baba, me ke nan?"

Na ce, "Aure ne."

Suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce a buɗe amarya su gani. Ya warware zanen ya baje rassan a kan benci cikin tsakar rana, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko magani ne. Motoci shaƙe da gawayi na wucewa ba mai ko ɗaga musu hannu, ni da na ɗauko 'yan tsinke don in raya bishiya ni ne abin bincike. Na faɗa musu haka, ban rage ba. Babbansu ya ce a ba tsoho kayansa ya tafi.

A Danja muka yi azahar, na sake jiƙa zanen a famfon masallaci. Wajen Bakori tayar Sabi'u ta baya ta yi faci saboda nauyin buhun. Na ce ya zubar da shi a kwalbati. Ya ce amana aka ba shi. Muka zauna gaban mai faci, ni ina rungume da ƙunshi a inuwa ina jin kamar in yi ta zagi.

Ana kiran magariba muka shiga Funtuwa. Hajiya ta ji labari ta ce, "Yaushe aka sare?" Na ce jiya da hantsi. Ta dubi keken, kuma wannan kallon ya fi min magana ciwo. Ita ta ajiye ƙunshin a gindin randa. Washegari da sanyin safiya na yi auren, tana riƙe min tsiro ina ɗaurewa.

Daga nan sai jira. Kullum da safe ina zagawa, kullum sai in ga wani ya baƙe ya bushe. Har na daina zagawa. Ran nan Hajiya ta kira ni daga lambu, na je na tarar da guda ɗaya tak, can ƙarshen layi, ya fasa leda ya fito da jajayen ganye biyu. Ƙwallayen Isiyaku kuwa, da ta zuba a bayan bandaki don kada su yi wari, sun tsiro kusan dukkansu kamar da gayya.

Jiya Isiyaku ya kira ni. "Yaya, irin ya hito?"

Na ce, "Ya fito."

"Ka gani? Ai na ce maka mai kyau na tara."

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai raba zumunci.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sabi'u da Malam Haruna, da Goggo Tasalla da ta yayyafa ruwa, har da jar akuyarta da ba ta fi haka sauri ba. Godiyar Isiyaku tana nan ajiye. In Allah ya raya tsiron nan ya yi 'ya'ya, zan kai masa na fari a keke, in tsaya a kansa ya shanye, in karɓe ƙwallon.