Mata Uku a Telen Baba Sumaila

Wata Asabar da damina, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, aka fito da telen Baba Sumaila mai foto tsakar gidanmu na haya a Gamkalley. Tun la'asar muka yi shara, muka kore awaki, muka shimfiɗa tabarmi. Rabin unguwa ta hallara, har masu garka na bakin kogi da laka a ƙafafunsu, don an ce za a nuna Innata. Inna kopto take sayarwa, wato kwaɗon ganye, ni ke tsinke mata zogale kafin in tafi lakwal. Amma Allah ya ba ta murya, shi ne wata orkestra ta ɗauke ta amshi sau guda, ita da wasu mata biyu.

Ni kuwa kwana uku ina shan tsiya wurin wasan langa. "Ɗiyar mawaƙiya, taka mana mu gani!" Haka yara ke ce mini. To ana fara kiɗan, guɗa ta tashi, sai kunya ta rufe ni, na sulale bayan randa na cusa kai cikin zane. Ina jin jita, ina jin tafi, ina jin ƙyas-ƙyas ɗin na'urar Baba Sumaila yana ɗaukar hoton gilashin telen. Wallahi ko ƙyallin allon ban kalla ba. Da aka watse Inna ta tambaye ni ko ta yi kyau, na ce eh, na juya mata baya. Ba ta sake waƙa a tele ba, bayan shekara biyu kuma ta rasu wurin haihuwa. Ba ta bar hoto ko guda ba.

Bana ɗiyata Rakiya, wadda waya ba ta barin hannunta ko a kan tuwo, ta nuna mini wasu tsofaffin hotuna da wani ya sa a intanet, yana cigiyar wane shiri ne, a ina aka ɗauka. Mutane sun yi ta kame-kame, wannan ya ce Bamako, wancan ya ce Kano. Ni kallo ɗaya na yi musu na gane telen Baba Sumaila. Ga tsagewar nan a kusurwar gilashi, ga farin saƙin da matar Baba Sumaila ke rufa wa telen. Na ce mata wannan tsakar gidanmu ce, kakarta kuma tana ciki.

Yarinya ta yi tsalle, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Mata uku bayan mai jita, atamfa iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, layukan tele sun ratsa fuskokinsu.

"Mama, wacce ce Kaka?"

Na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Baba Sumaila ya rasu, 'yan gidan haya sun watse, ba wanda zan tambaya ko a dama take tsaye, ko a hagu, ko a tsakiya. Duk Gamkalley ta ga Inna ran nan, ban da ni da ta haifa.

A da kunyar a gan ta nake ji, yau kunyar rashin gane ta ke cina. Rakiya na jira, yatsanta a kan ta tsakiya, tana cewa kamar hancinmu ɗaya. Na so in ce eh, kamar yadda na ce wa Inna, amma bakina ya ƙi. Na ce mata, "Ban sani ba, ɗiyata. Ban kalla ba."