Bututun da Kawu Ya Ɓoye

Kawuna mai busa gilashi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ƙaramin ɗaki a ƙasan benen sashen kemistiri na jami'a, daga shi sai shuɗin harshen wuta da tabarau mai duhu. Duk kwalba ko bututun da masu bincike suka rasa a kasuwa, shi zai narka gilashi ya hura musu. Yatsunsa duk tabon ƙuna, har ba ya jin zafin kofin shayi.

A saman benen kuwa ofishin Farfesa yake. Benci ɗaya suka zauna da Kawu a shekarar farko ta jami'a, kuma Kawu ne ke koya masa lissafi. A shekara ta biyu ciwo ya kwantar da Kawu wata bakwai, jarrabawa ta wuce shi, bai sake komawa aji ba. Abokin ya yi gaba. A gida Kawu ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "mutumin sama". In hotonsa ya fito a jarida, sai ya miƙa wa matarsa ya ce, "Dubi tumbi! Mutumin da ko goma zai raba uku sai ya leƙo takardata."

Farfesa ya daɗe yana farautar wani sinadari mai wuyar sha'ani. Kawu ya taɓa yi min bayaninsa da murfin kwalba a hannu.

"Zobe ne na ƙwayoyin kabon biyar," in ji shi. "Wasu zobban adadin lantarkinsu ya zo daidai, suna zaune lafiya. Wannan nasa ya zo a karkace, shi ya sa ba ya son rayuwa. Da ya ji ɗumi ko danshi, ya wargaje."

Dole a haɗa shi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, a ruga da shi cikin na'urar da ke karanta sinadari da haske, ita ce za ta ba da shaidar siffarsa. Mai wannan wahalar wata ɗalibar Farfesa ce, mai 'ya'ya biyu, tana neman digiri na uku. Kullum launi zai bayyana jajawur a kwalbarta, kafin ta kai na'ura ya koma kamar ruwan kwata.

Kawu ya gano matsalar tun kafin su. Wurin juye sinadarin daga kwalba zuwa bututun na'ura ne iska ke shiga. Sai ya zauna mako guda ya ƙera bututu mai hannu biyu da bango biyu, rufaffe ruf, yadda za a haɗa sinadarin a ciki kuma a karanta shi a ciki. Da ya gama, ya naɗe shi da tsohon tawul ya tura ƙasan durowa.

Wata huɗu bututun yana nan a durowa. Duk sanda Kawu ya ji Farfesa na faɗa a sama don gwaji ya sake lalacewa, ranar har ƙarin abinci yake nema a gida. Matarsa ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Malam." Ya ce, "Ai shi ne mai ilimin. Ya gano da kansa mana."

Wata safiya ɗalibar ta sauko, idanunta a kumbure.

"Baba, a hura min bututu shida na ƙarshe. Wa'adina ya kusa cika. In bai yi ba, na haƙura na koma gida."

Kawu ya kashe wutar. Shi ya san abin da ake nufi da komawa gida. Ya jawo durowa ya miƙa mata tawul ɗin, ya ƙi yarda su haɗa ido.

A gwaji na biyu jan launin ya zauna minti hamsin, na'ura ta karanta shi tsaf. Har ƙasa Kawu ya jiyo ihun murna. Can sai ga takun Farfesa a matakala, rabonsa da ɗakin an fi shekara goma.

"Abokina, yaushe ka ƙera wannan?"

"Jiya."

Farfesa ya dubi tawul ɗin da ke kan tebur, ya ɗan kaɗa shi, ƙura ta tashi. Bai yi maganar ƙurar ba. Ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Hannun nan naka dai babu irinsa," ya hau sama.

Wannan shirun ya fi komai ci wa Kawu rai. Da ma zagi ne, da ya sami abin ramawa. Da takardar binciken ta fito, sunansa na cikin marubuta. Ya kawo ta gida ya ajiye gaban matarsa, ya ɗora yatsa kan sunansa ya ce, "Na uku. Kin gani ko? Na uku!" Amma ya sa an yi mata firam, ya rataye a falo.

A shekara ɗaya Kawu da Farfesa suka yi ritaya. Bayan shekara shida Farfesa ya rasu, ni na kai Kawu gaisuwa. Motoci sun cika layi har sun toshe titi. Kawu ya yi kuka sosai, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. A hanyar dawowa ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Ka ga taron nan? Ni ko rabinsa ba zan samu ba."