Kuɗin Azurfar da Na Goge

Jiya cokali ya faɗi a kicin, ƙararsa ta sa na tuna Baba direba.

Lokacin korona ne, ina aikatau a unguwar Gharrafa, can ƙasar Larabawa. Kafil ɗinmu, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, yana da kuɗin azurfa na Ingila, ya haura shekara dubu, ya yi baƙi. Na zaci datti ne, na goge shi fes. Ya ce na musanya da jabu, zai kira 'yan sanda.

Baba, dattijon direban gidan, jikan maƙeran azurfa, ya ɗora shi a yatsa, ya ƙyasta, ya saurara. "Ranka ya daɗe, na asali ne, bugun guduma, ba zubi ba. 'Yata wanki kawai ta yi."

Kafil ya fasa kiran 'yan sanda. Daga baya cutar ta ɗauke Baba, ko gawarsa ban gani ba. Allah ya tsaya masa yadda ya tsaya mini.