Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, kika riga mu tafiya, Goggo Mai Kofi, bayan jinyar mako biyu.

Shekara talatin kina kantin magani a bakin titinmu, kofin gilashi na gefen ma'auninki. Mun ɗauka na shayi ne, har muka laƙaba miki suna da shi. Ni sai da na kusa ɓatawa da mahaifiyata na san aikinsa.

Wata uku Inna na shan maganin hawan jini, awo bai sauka ba. Ni kuwa, sarkin gaggawa, na yanke cewa zubarwa take yi. Na ɗaga katifarta, na zazzage jakarta, ta rantse na ƙi yarda. Ta daina amsa gaisuwata, ga jiri na neman kayar da ita.

Na kawo miki ƙara, kika ce in zo da Inna da maganin. Kika karanta kwalin tukuna, domin a cewarki akwai ƙwayoyin da ake rufewa da gangan don kada su narke sai a hanji, wannan kuwa ba irinsu ba ce. Kika zuba ruwa mai ɗumin jiki a kofin, kika jefa ƙwayar Inna da wata irinta daga kantarki. Taki ta watse kafin mu gyara zama. Ta Inna ta yi sa'a guda tana kallonmu kamar maɓallin riga.

Kika yi bayani cewa magani ba ya shiga jini sai ya narke, wannan kuwa yadda aka haɗiye shi haka yake fita. Sannan kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ɗana, ƙwayar ce mai taurin kai, ba tsohuwa ba. Durƙusa."

Na durƙusa wa Inna na nemi gafararta a gaban masu jiran layi. Kika canza mata maganin, awo ya sauka. Har yau ina gode miki da wannan kunyar.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙuri. Mun yi rashi, amma zuciyarmu a kwance take da irin aikin da kika tafi da shi. Inna ma tana miƙa ta'aziyyarta. Shekararta tamanin da ɗaya yanzu, kuma da ƙafarta ta taka zuwa gidanku, hannunta a kafaɗata.