Kwalbar da Na Miƙa wa Baba na Maraɗi

Abin da na fara lura da shi ranar da na iso Guangzhou shi ne bango yana gumi. Na dafa bangon matakalar gidan da Umma take haya a unguwar Dengfeng don in huta, sai tafin hannuna ya jiƙe. Umma ta ce haka garin yake idan lokacin danshi ya shigo. Wanki ba ya bushewa, takalmi ma fumfuna yake yi a ƙarƙashin gado. Shekarata goma sha biyar a lokacin. Ba zan faɗi sunana ba, amma zan faɗi abin da na aikata, ko ya amfani wata yarinya irina.

A Kano na tashi, a hannun kakata, domin bayan rasuwar mahaifina Umma ta tafi China tana dafa wa 'yan kasuwarmu abinci. Ni mai kunya ce tun ina ƙarama. A aji kujerar baya nake zama, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Abu ɗaya na iya sosai, shi ne shanya. Kaka ta koya mini shanya kuka da zogale da kuɓewa a inuwa, har na kai da na murza ganye na sansana zan gane ko da sauran ruwa a jikinsa.

A falon gidanmu Umma take sayar da abinci. 'Yan Kano da 'yan Nijar da suka wuni a kasuwar tufafi ta Shahe su zo su zube a kan kafet, suna kiranta lawban, wato shugaba. Babbar damuwarta kayan miya. Duk kukar da aka kawo mata daga gida, ba ta daɗewa take dunƙulewa ta yi wari. Ni na gyara wannan. Na roƙi masu sayen takalma su riƙa tara mini 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a cikin kwali, na zuba komai a kwalabe, na naɗe kowace da baƙar leda saboda haske, na jera su a kan kanta. Daga nan kukar Umma ba ta sake lalacewa ba.

Kawu Sabi'u, ƙanin Umma, shi ya fara yaba mini. Aikinsa haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena.

"Malama Shiru, ashe injiniya muke da ita a gidan nan?" in ji shi.

Na ji daɗi har cikin raina. Tun da na zo ba wanda ya tsaya ya yi mini magana irin ta manya.

Wata Asabar da rana Umma ta tafi cefane, Kawu ya shigo da jaka. Ya ce wani abokinsa yana shuka maganin basir a ɗaki, sun girbe, amma rabi ya ruɓe saboda danshi. Ya buɗe. Na san warin. Shi ne warin da yake fitowa daga kangon bayan makarantarmu a Kano, inda samari suke taruwa. Tabar wiwi ce. Ina so in rubuta wannan a fili, domin daga baya mutane sun yi ta cewa yaudarata aka yi. Ba a yaudare ni ba. Na gane, shi ma ya ga na gane.

"To, yaya kika gani? Za ta gyaru?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ra'ayina aka tambaya. Na sa hannu na ware wanda ya yi fumfuna, na ce sauran zai gyaru.

A durowar kayana na rataye ta, bayan kayan makaranta, na kunna mata fanka. Da ta bushe na zuba a kwalabe. Kawu ya kai ni unguwar Tianhe ya saya mini waya, ya kuma kawo wata jakar, sannan wata. Warin ya kama rigata. Wata 'yar ajinmu ta taɓa matsowa ta yamutsa fuska, na ce turaren ƙasarmu ne. Kullum da safe idan na ɗora jakata a na'urar bincike ta tashar jirgin ƙasa, sai in kasa kallon mai binciken, alhali littattafai ne kawai a ciki.

'Yan sanda sukan shigo gidajen baƙi duba fasfo da takardar zama, wani lokaci har su leƙa ɗakin kwana. Shi ya sa na kwashe kwalaben daga ɗakina na mayar da su kantar Umma, kusa da daddawa, don warinta ya rufe nasu. Dabarata ce, ba ta Kawu ba. Na naɗe su da baƙar leda kamar sauran, na karce murfin kowace da ƙusa don in riƙa bambancewa. Umma ba ta hawa kantar, ni take aika.

Cikin masu cin abincinmu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen yadi, kowa Baba yake ce masa. Yana da ciwon suga, don haka ba ya cin shinkafa, sai tuwon alkama. Idan ya shigo sai ya ce, "Ɗiyata, ina lakwal?" Wato makaranta, a Hausarsu ta Nijar. In sunkuyar da kai, ya yi dariya ya ce wata rana sai ya ji muryata.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo, ya ce da yamma zai hau jirgin ƙasa zuwa garin Yiwu, kuma zogalen da yake jiƙawa yana sha ya ƙare. Ina wanke kwanuka, hannuna duk kumfa. Umma ta ce in bari kawai, ta taka kujera da kanta ta sauko da kwalba daga inda zogale yake zama. Da safiyar ranar na matsar da kwalaben ina goge kanta.

"Ke, ɗauraye hannunki ki miƙa wa Baba."

Na karɓa. Babban yatsana ya sauka a kan murfin, na ji karcen.

Kawu yana zaune a bakin ƙofa da kwano a gabansa. Na dube shi, ya dubi kwalbar, ya daina tauna. Ya girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Falon cike yake da mutane. Na yi tunanin in ce Umma ba wannan ba ce, amma za ta ce me ya same ta, ta buɗe a gaban kowa. Na yi tunanin in sake ta ta fashe. Ƙafafuna suka ci gaba da tafiya. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Bai buɗe ba. A cikinmu ba a buɗe kyauta a gaban mai ita, kuma ba a binciken saƙon wanda aka yarda da shi. Ya tura ta cikin jakarsa tsakanin tufafi, ya ja zif.

A babbar tasha karen 'yan sanda ya tsaya a kan jakarsa, aka kama Baba. Washegari labari ya cika Dengfeng. Kawu ya zo da sassafe, Umma tana wanka, ya kwashe sauran kwalaben. Ya ce idan na yi magana Umma za a ɗaure, kuma hukuncin ƙasar nan ba irin na gida ba ne. Bai sake zuwa ba.

Na yi shiru kwana da kwanaki. Ina zuba miya ina jin masu cin abinci.

"Tsoho da furfura, kullum carbi a hannu, ashe wannan ne yadin da yake saye!"

Wani ɗan Niamey da yake yi wa mutanensu tafinta ya ce su ji tsoron Allah. Ya ce Baba ya faɗa wa 'yan sanda kyauta aka ba shi, amma ya ƙi faɗin wanda ya ba shi, wai ba zai jefa marainiya da uwarta cikin bala'i ba. Ya ce ƙafarsa ta kumbura, sugan ya tashi. Umma ta tsaya da ludayi a hannu. Ita duk zatonta wani abu daban aka samu a jakarsa, ba ta taɓa kawo kwalbarta a rai ba.

Da mutane suka watse na taka kujera na sauko da kwalbar zogalen, wadda ya kamata a ba shi, na ajiye a gabanta. Ta kwance ledar ta buɗe. Ta daɗe tana kallon ganyen.

"To wacce na ba shi?"

Na faɗa mata komai. Ba ta dake ni ba. Ta ce in ɗauko mayafina da fasfo ɗinmu.

A ofishin 'yan sanda Umma ta so ta ce ita ce. Na riƙe hannunta, na ce wa tafinta ni ce, na nuna masa yadda na karce murfin. An ɗauko kwalbar Baba, karcen yana nan. Ban taɓa yin doguwar magana a gaban mutane irin ta ranar ba.

An tsare ni watanni a inda ake tsare yara. Ba a kashe fitila, ba wanda yake jin Hausa, bangon can ma gumi yake yi. Saboda shekaruna da kuma kai kaina da na yi, aka sake ni aka kore ni daga ƙasar. Umma ta rasa takardar zamanta da sana'arta, muka dawo Kano tare. An kama Kawu, har yanzu yana kurkuku. An saki Baba, amma kwanakin da na yi ina shiru sun ci ƙafarsa, sai da aka yanke masa yatsu. Bai sake komawa China ba.

'Yan uwana matasa, musamman masu kunya irina, ku ji wannan. Mu ba da kuɗi ake kama mu ba, da yabo ake kama mu. Idan wanda bai taɓa kula ku ba ya fara yabon abin da kuka iya, sannan ya ce kada a faɗa wa kowa, ku faɗa a ranar. Kada ku ce ai ba ku sha, ba ku sayarwa, ajiya kawai kuke yi. Ni ma haka na riƙa faɗa wa kaina. Kuma kada ku ɗauki shiru a matsayin tarbiyya idan wani yana shan wahala a kansa. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa.

Bayan mun dawo Umma ta samo lambar Baba ta ba ni wayar. Na yi sallama, na roƙe shi gafara ina kuka.

"Yau dai na ji muryarki," in ji shi. "Na yafe. Amma zogalen da aka ce an ba ni, har yanzu ban sha ba."

Na tsinko zogale a bayan gidan Kaka, na shanya a inuwa, na zuba a kwalba, ban naɗe ta da komai ba. Na kai tashar da motocin Maraɗi suke lodi. Direban ya karɓa, ya ce ya san gidan, zai jefa ta cikin but. Na riƙe kwalbar ban saki ba.

"Malam, don Allah ka buɗe ta a gabana ka duba tukuna."

Ya ce haba 'yan mata, ai ba sai an duba ba.

Na ce, "Don Allah ka buɗe."